Kiɗan Sifaniya da manhajar waya ba za ta kawo da kanta ba

Duk wanda ya saba zama a gidan kallon ƙwallo ya san garuruwan Sifaniya kamar ya taɓa zuwa. Ya san Sevilla da Real Betis gari ɗaya suke, ya san Athletic Bilbao ba ta sa ɗan wasa sai wanda ya tashi a yankinta, ya san babu ga maciji tsakanin Barcelona da Madrid. Amma a ce ya ambaci waƙa ɗaya tak daga ƙasar, sai ya yi tsuru-tsuru, ko kuma ya ce Despacito, wadda ma ba ta can ba ce, 'yan Puerto Rico ne suka yi ta. Alhali wayar da ke aljihunsa tana iya kai shi ga waƙoƙi sama da miliyan ɗari a Spotify kaɗai, ban da abin da ke jibge a YouTube da Boomplay da Audiomack. Rumbu ne cike maƙil, amma mafi yawan masu waya a bakin ƙofa suke ɗiba kullum.

Laifin ba na mai waya ba ne gaba ɗaya, haka aka gina manhajojin. Lissafin da ke zaɓo wa mutum waƙa ta gaba yana dogara ne sosai da abin da wasu masu irin ɗabi'arsa suka saurara. Idan dubban mutanen da ke jin Hamisu Breaker suna kuma jin Ado Gwanja, duk sabon wanda ya kunna na farko za a miƙo masa na biyu. Dabara ce mai kyau, kuma tana aiki. Da ita Spotify ke haɗa jerin Discover Weekly, waƙoƙi 30 duk ranar Litinin, tun 2015. Matsalarta ɗaya ce: ba ta bin hanyar da wasu ba su riga sun taka ba. Tsakanin matashin da ke Kano ko Maraɗi da faifan da aka buga a Sifaniya a 1975 babu sawun kowa, saboda haka manhaja ba ta da dalilin haɗa su, ko da kuwa kunnensa zai karɓi kiɗan fiye da rabin abin da ake tura masa.

Akwai kuma ƙa'idar daƙiƙa 30. Spotify ba ya lissafa cewa an saurari waƙa sai ta yi daƙiƙa talatin tana tafiya, kuma tsallake waƙa da wuri alama ce ga manhaja cewa ba a so ta ba. Wannan ya sa masu waƙar zamani suke jefo amshi tun a farkon farawa. Waƙar da za ta yi minti biyu tana shimfiɗa kafin murya ta shigo ta faɗi jarrabawar tun ba a raba takarda ba. Irin waɗannan waƙoƙi kuwa su ne jigon salon da ake kira progressive rock, kuma reshensa na Sifaniya shi ne misali mafi kyau na abin da mai waya ke asara idan ya bar wa manhaja ragamar kunnensa.

Rok mai dogon zango

Salon ya taso ne a Ingila a ƙarshen shekarun 1960. Wasu matasan makaɗa suka gaji da waƙar minti uku ta rediyo, suka fara gina waƙa kamar labari mai babi-babi: a fara a hankali, a sauya kari, a bar fiyano ko sarewa su yi magana su kaɗai, sannan a dawo. King Crimson sun fitar da In the Court of the Crimson King a 1969, Yes suka yi Close to the Edge a 1972, wanda waƙarsa ta farko ta haura minti 18, Pink Floyd kuma suka zo da The Dark Side of the Moon a 1973. Na'urar lokacin ita ta yanke tsawon: gefe ɗaya na faifan garmaho yana ɗaukar kusan minti 20, shi ya sa kundin waƙoƙi yake tsayawa a wajen minti 40, gefe biyu, kowanne da mafarinsa da ƙarshensa.

Sifaniya a lokacin tana hannun Janar Franco, wanda ya riƙe ƙasar daga 1939 har mutuwarsa a ranar 20 ga Nuwamba 1975. Ana tace waƙoƙi da littattafai, an danne harsunan Kataloniya da na Basque a makarantu da ofisoshi. Sai dai yarjejeniyar da ya ƙulla da Amurka a 1953 ta kawo sansanonin soja a Morón, kusa da Sevilla, da Rota, kusa da Cádiz, kuma ta hannun sojojin nan da rediyonsu faya-fayan rok suka riƙa shiga kudancin ƙasar. Samarin Sevilla suka ji Jimi Hendrix da kunnen da ya tashi cikin flamenko, kiɗan gargajiyar yankin. Wata ƙungiya mai suna Smash ta fara gwada haɗa biyun, inda ta yi El garrotín a 1971 tare da Manuel Molina. Gwaji ne mai daɗi, amma ɗinkin yana nunawa. Waɗanda suka ɓatar da zaren ɗinkin su ne Triana.

Triana sunan wata tsohuwar unguwa ce a Sevilla, a ƙetaren kogin Guadalquivir, unguwar maginan tukwane da ma'aikatan jiragen ruwa da 'yan ƙabilar Gitano. Mutum uku ne suka ɗauki sunan a 1974: Jesús de la Rosa mai waƙa da fiyano, Eduardo Rodríguez Rodway mai jitar flamenko, da Juan José Palacios, wanda aka fi sani da Tele, a kan ganguna. A lura da wannan tsari. Ƙungiyar rok ce da ba ta da mai jitar lantarki na dindindin, sai dai ta gayyato idan za a naɗi faifai. Jitar katako ce a gaba, fiyanon lantarki yana shimfiɗa mata tabarma. Wannan kaɗai ya raba sautinsu da na takwarorinsu na Ingila.

Kundinsu na farko ya fito a 1975, watanni kafin mutuwar Franco, a ƙarƙashin tambarin Gong, wanda Gonzalo García Pelayo ke jagoranta. An san shi da El Patio, wato tsakar gida, saboda zanen da ke bangonsa na mutum ukun a wata tsakar gida. Waƙoƙi bakwai ne, kusan minti 40. Ta farko, Abre la puerta, ta doshi minti goma, kuma ita ce ma'auni: wanda ya zauna da ita har ƙarshe da abin sauraro a kunnuwa biyu zai san ko wannan duniyar tasa ce. Muryar Jesús de la Rosa ba ta da ado. Yana jan kalma yana murɗa ta a maƙogwaro kamar mai kiran wani daga nesa, babu gaggawa, babu nuna gwaninta. A ƙarƙashinta kuma karin yana tafiya ne a ƙirgar flamenko, wadda a salon bulería ake lissafawa goma sha biyu, ana danna na 3 da na 6 da na 8 da na 10 da na 12. Wanda ya saba da kiɗan da ke tafiya huɗu-huɗu zai ji ƙafarsa tana neman inda za ta taka tana rasawa na ɗan lokaci. Wata waƙar ta cikin kundin, Recuerdos de una noche, a ƙirgar biyar ma aka ɗora ta. Bayan saurare na uku ko na huɗu jiki yake gane hanyar, kuma daga nan ne daɗin yake farawa. Sé de un lugar da En el lago su ne sauran ginshiƙan kundin, sai Todo es de color, gajera, ta rufe shi.

El Patio bai yi kasuwa ba da ya fito. Kamfani bai yi masa talla ba, rediyo ba ta kula shi ba. Baki da baki ya yaɗu, ɗalibi ya ara wa ɗalibi, har ya zama faifan da ake ambata a duk lokacin da ake lissafa manyan kundayen rok na ƙasar. Na biyu, Hijos del agobio, ya zo a 1977, shekarar da Sifaniya ta yi zaɓenta na farko cikin 'yanci tun 1936, kuma ana jin hakan a cikinsa: ya fi na farko duhu da fushi, sunansa ma yana nufin 'ya'yan ƙunci. Masu sauraro da dama sun fifita shi a kan El Patio, kuma suna da hujja, domin an fi ɗaure shi tamau, sai dai ba shi ne ya kamata baƙo ya fara da shi ba. Sombra y luz na 1979 shi ya kawo musu kuɗi da manyan filaye. Abin da ya biyo baya ya fi sauƙi da gajarta, irin Tu frialdad ta 1980, waƙa mai kyau amma wadda kowace ƙungiya mai basira za ta iya yi. A watan Oktoba 1983 Jesús de la Rosa ya rasu sakamakon haɗarin mota kusa da Burgos, yana da shekara 35, a hanyarsa ta dawowa daga wasan tallafa wa waɗanda ambaliya ta shafa a yankin Basque.

Dalilin da ya sa wannan kiɗa ya dace a gabatar wa mai sauraron Hausa ba na tarihi kaɗai ba ne, na kunne ne. Tsanin sautin da flamenko ke hawa da sauka a kai yana da kusanci da abin da makaɗan Larabawa ke kira maƙamu hijaz, kuma wanda ya tashi yana jin waƙoƙin finafinan Indiya da na Larabawa ba zai ji shi baƙo ba. Su kansu Gitano, waɗanda suka fi kowa riƙe flamenko, asalin kakanninsu arewacin Indiya ne, sun iso Sifaniya a ƙarni na 15. Tsawon waƙa ma ba sabon abu ba ne a nan. Al'ummar da ta zauna ta saurari Shata ko Narambaɗa suna jan waƙa ɗaya minti goma sha biyar ko fiye ba za ta ce minti goma ya yi mata yawa ba. Gajen haƙurin da ake gani yanzu waya ce ta koyar da shi, ba gado ba ne.

Sunayen da mai karatu ya riga ya sani

Bayan Triana ta buɗe hanya, ƙungiyoyi suka yi ta fitowa a kudu tsakanin 1977 da 1980, har salon ya samu suna, rock andaluz. Sunayensu kaɗai sun isa su tsayar da duk wanda ya yi karatun tarihin Andalus. Mezquita, daga Córdoba, wato Ƙurɗuba garin da aka jingina wa Imam Ƙurɗubi mai tafsiri, sun ɗauki sunan babban masallacin da Abdurrahman na ɗaya ya fara ginawa a 785. Medina Azahara, su ma 'yan Córdoba, sunan Madinatuz Zahra suka ɗauka, birnin da Abdurrahman na uku ya gina a ƙarni na 10. Akwai Guadalquivir, sunan kogin da Larabawa suka kira Wadil Kabir. Akwai kuma Imán, Califato Independiente.

A nan akwai buƙatar taka-tsantsan. Waɗannan ba waƙoƙin addini ba ne, kuma makaɗan ba su ce haka ba. Samari ne 'yan rok na shekarun 1970 da ke neman abin da za su ce nasu ne bayan shekara kusan arba'in ana gaya musu cewa Sifaniya abu ɗaya ce, harshe ɗaya, tarihi ɗaya. Sai suka waiwaya ga ƙarnonin da yankinsu ya yi a hannun Musulmi, daga 711 zuwa faɗuwar Garnaɗa a 1492, suka ɗauko shi a matsayin tutar yankinsu. Wanda ya shiga yana neman ƙasida zai fito da takaici. Wanda ya shiga don ya ji yadda jikokin wani wuri suke tuna abin da ya wuce a ƙasarsu zai samu abin tunani.

A cikinsu, Recuerdos de mi tierra na Mezquita, 1979, shi ne wanda ya cancanci zama na biyu bayan El Patio. Yana da sauri da zafi, jita da fiyano suna tsere kamar dawakin sukuwa, kuma shi ya fi kowanne fito da launin Larabawa a fili. Kundin Imán na 1978 yana da waƙa guda da ta cinye gefe ɗaya na faifai, kusan duk kiɗa ne zalla, ya dace da dare ko lokacin aiki a gaban kwamfuta. Cai, daga Cádiz, sun karkata ga jaz, kuma mai fiyanonsu Chano Domínguez daga baya ya zama sananne a duniyar jaz. Noche abierta na 1980 shi ne nasu da ya fi shiga kunne. Alameda suna da murya mai daɗi amma sun yi kama da Triana da aka sirka da ruwa. Medina Azahara sun fi kowa daɗewa da yawan masoya, sai dai bayan kundinsu na farko, mai ɗauke da Paseando por la mezquita, sun koma rok mai nauyi na filin wasa, wanda wani abu ne daban.

Arewa ba ta yi shiru ba, ko da yake a can flamenko ba shi ne tushe ba. A Barcelona, Iceberg, ƙarƙashin mai jita Max Sunyer, sun yi Coses nostres a 1976, kiɗa zalla mai haɗe da jaz, na masu son su ji gwanintar yatsu. Gotic sun fitar da Escenes a 1978, sarewa ce a gaba daga farko har ƙarshe, babu murya, kuma zai yi wuya a samu kundin da ya fi shi sauƙin karɓa ga wanda bai taɓa jin wannan salo ba. A yankin Basque, Itoiz sun yi waƙa da harshen Euskera, wanda ba shi da dangantaka da Sifaniyanci ko kaɗan, shekara uku kacal bayan mutuwar mutumin da ya danne harshen. Kundinsu na farko na 1978 yana ɗauke da Lau teilatu, wadda har yau 'yan yankin ke rerawa. Sai Crack, daga Gijón, da suka yi kundi ɗaya tak, Si todo hiciera crack, a 1979, suka watse. Game da Ciclos na Los Canarios, 1974, wanda aka gina a kan kiɗan Vivaldi kuma ya haura awa ɗaya, masana suna yabonsa ƙwarai, amma ga sabon shiga nauyi ne kawai da cin data. A ajiye shi sai daga baya.

Salon bai daɗe ba. Farkon shekarun 1980 sabon yayi ya taso daga Madrid, na gajerun waƙoƙi da rawa, kamfanoni suka juya baya, yawancin ƙungiyoyin nan suka mutu bayan kundi ɗaya ko biyu. Wannan ma yana cikin dalilan da suka sa manhaja ba ta ganin su: ba su da sabuwar waƙa da za ta tayar da lissafi.

Yadda ake nemo su

Wahalar farko sunaye ne. Wanda ya rubuta Crack ko Iceberg ko Alameda a akwatin bincike zai sha mamaki, domin kalmomi ne na yau da kullum da mawaƙa da dama ke amfani da su, kuma manhajoji kan cakuɗa masu suna ɗaya a shafi guda. Maganin shi ne a rubuta sunan kundi tare da na ƙungiya, a ƙara shekara idan ta kama. Spotify yana karɓar umarni a akwatin bincikensa, wanda mutane kaɗan ne ke amfani da shi: idan aka rubuta year:1975-1980 tare da wata kalma, zai tace sakamakon zuwa waɗannan shekaru. Shafin Discogs, wanda rumbun bayanan faya-fayai ne, yana nuna shekarar da kowane kundi ya fito da jerin waƙoƙinsa da waɗanda suka yi kiɗan, kuma bin sunan mai shirya faifai irin García Pelayo yana kai mutum ga wasu kundayen da babu lissafin da zai nuna masa. Tarko biyu ne ya kamata a sani. An ci gaba da amfani da sunan Triana shekaru bayan rasuwar Jesús de la Rosa, da wasu mawaƙan daban, saboda haka a tsaya tsakanin 1975 da 1983. Sannan bincike kan flamenko da rok yakan kawo Carmen da kundinsu Fandangos in Space na 1973, wanda yake da kyau, amma ƙungiyar a Amurka aka kafa ta, a Landan ta yi naɗi, kuma da Turanci take yawancin waƙarta.

Lasisin waƙa ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka abin da ke buɗe a Madrid yana iya zuwa a dishe a Najeriya ko Nijar. Manyan irin Triana ba su da wuyar samu. Ƙananan kuwa sau da yawa YouTube ne mafita, inda galibi hoton bangon faifai ne kawai a tsaye yayin da kiɗa ke tafiya. Tunda babu abin kallo, a sauke ingancin hoton zuwa 144p.

Batun data lissafi ne mai sauƙi. Kundi mai minti 40 daƙiƙa 2,400 ne. A matakin kilobit 96 a daƙiƙa, wanda Spotify ke kira na daidai, zai ci kimanin megabait 29. A 160 zai ci 48, a 320 kuma 96. Wato El Patio gaba ɗayansa a matsakaicin inganci bai kai abin da mutum ke ƙonawa cikin 'yan mintuna yana gungura bidiyo a TikTok ba. Wanda ke da rajistar biya zai iya sauke shi sau ɗaya da datar dare ya huta. Kilobit 160 ya wadatar ga kusan kowane kunne a kan waya, ƙarin da ke sama da haka sai mai kayan sauraro masu tsada ne zai bambance.

Abin da ya fi lambar inganci muhimmanci shi ne abin da ake ji da shi. An naɗi waɗannan faya-fayai ne da tunanin lasifika biyu, ana ajiye jita a wannan gefe, fiyano a wancan. Lasifikar waya da ƙananan lasifikun Bluetooth masu baki ɗaya suna murƙushe komai wuri guda, haka ma ɗabi'ar sa iyafis a kunne ɗaya a bar wa aboki ɗayan, wadda ke yanke rabin kiɗan. Iyafis mai waya na kuɗi kaɗan, a jona a ramin da yawancin wayoyin Tecno da Infinix da itel ke da shi har yanzu, ya fi su nesa ba kusa ba. A kuma kashe maɓallin da ke cakuɗa jerin waƙoƙi. Wannan ba tsaurin ra'ayi ba ne: a 2021 mawaƙiya Adele ta nemi Spotify ya daina sa cakuɗawa a matsayin babban maɓalli a shafin kundi, kuma kamfanin ya yi hakan. Idan kundin zamani yana buƙatar a bi shi a jere, ina ga wanda aka tsara tun asali da gefen farko da na biyu? Haka nan tsarin da ke narkar da ƙarshen waƙa cikin farkon ta gaba, a kashe shi.

Za a ce, mene ne amfanin waƙar da ba a jin harshenta? Tambaya ce mai kyau, amma al'ummar da ta yi shekara da shekaru tana rera waƙoƙin Indiya ba tare da jin Indiyanci ba ta riga ta amsa ta. Ga mai son ma'ana, Google Translate yana da Hausa tun 2013. Fassararsa ta waƙa ba ta da kyau, musamman ga Sifaniyancin kudu da ke haɗiye ƙarshen kalmomi, amma tana isa a gane ko ana maganar soyayya ce, ko 'yanci, ko kewar gida, waɗanda su ne yawancin abin da ke ciki. Kuma wasu daga cikin kundayen da aka ambata a sama ba su da kalma ko ɗaya.

Za a kuma ce ai lissafin manhaja yana sauƙaƙa rayuwa, mutum ya dawo daga aiki ko makaranta a gajiye, ba ya son bincike. Gaskiya ne, kuma babu wanda ya ce a daina amfani da shi. Amma sauƙin yana da farashi, kuma ba mai sauraro kaɗai ke biya ba. Tun 2024 Spotify ba ya biyan kuɗin naɗi ga waƙar da ba ta kai saurare dubu ɗaya a shekara ba. Abin da ba a nema yana ƙara nutsewa, abin da ke sama yana ƙara hawa. Ƙa'idar da ta ɓoye Crack da Gotic ita ce dai ke ɓoye tsofaffin makaɗan Hausa da aka ɗora a intanet babu mai leƙawa, da sabon yaron da ya yi waƙa mai kyau a ƙaramin situdiyo a Gusau ko Damagaram.

Hanyar da ta ceci El Patio a 1975 ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Kiɗan Mdou Moctar, mai jita ɗan Nijar, ya fara yawo ne a katin memori da Bluetooth daga waya zuwa waya, kafin ya shiga kundin Music from Saharan Cellphones a 2011 duniya ta san shi. Masu tura waƙa a kasuwannin waya sun yi shekaru suna wannan aiki, mutum ya kawo memori a ce masa ga wata sabuwa, gwada ka ji. Abin da ya canja shi ne yanzu tura mahaɗin kundi a WhatsApp ba ya cin ko kwabo.

Ga wanda zai gwada, mako ɗaya ya isa: El Patio sau uku a ranaku daban-daban, sannan Recuerdos de mi tierra, sannan Escenes idan an gaji da zafi, sai Hijos del agobio a ƙarshe. Bayan haka manhaja za ta lura, ta fara miƙo Medina Azahara da Alameda da Lole y Manuel, wataƙila har La leyenda del tiempo na Camarón, 1979, inda flamenko ne ya je wajen rok maimakon rok ya zo wajensa. Itoiz da Crack da Imán kuwa, waɗannan sai an rubuta sunayensu da hannu.